Jirgin da ya daɗe a tudu: abin dubawa kafin ka ce ka saya

Bazazzagi ba mutumin ruwa ba ne. Iyakar ruwan da ɗan Tudun Wada ya saba da shi Kubanni ne, wanda yake hayewa ta gada in zai shiga Sabon Gari, sai kuma Galma da ke gabas da gari. Amma ruwan nan ba a Zariya yake tsayawa ba. Kubanni cikin Galma yake faɗawa, Galma ya faɗa kogin Kaduna, shi kuma ya ratsa madatsar Shiroro ya gangara Neja. Kuɗin mutanenmu ma wani lokaci can sukan gangara. Mai fataucin bandar kifi da ke zuwa Yawuri, ko ma'aikacin da ya karɓi garatuti yana neman abin da zai riƙa kawo masa na cefane, rana ɗaya sai dillali ya zo masa da tayi: "Alhaji, akwai wani jirgi a ajiye, mai shi ya matsu. Injin ne kawai ke son ɗan taɓawa, amma jiki garau." Kuɗin da za a ambata kuwa bai kai rabin na sabo ba.

Kalmar nan "kawai" ita ce wurin tsayawa. Dillali ya nuna maka aibi ɗaya ya kira sunansa, hankalinka duk ya koma kan inji, domin shi ka sani. Ka taɓa gyara babur, ka taɓa sauke injin janareta, kana da bakanike a unguwa wanda ka yarda da shi. Abin da ba ka sani ba shi ne katako, kuma shi ne ba wanda zai yi maka maganarsa. Adaidaita sahu in ya mutu a hanyar Kofar Doka, sauka ake yi a tura shi gefe. Jirgi ba shi da gefen hanya.

Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja zai tafi Warra a ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, ɗauke da mutum fiye da 150 da kaya. A tsakiyar ruwa ya dare, waɗanda aka ceto da rai 'yan ƙalilan ne. Bayanin jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ya tsaya kan abu biyu: jirgin ya tsufa ya yi rauni, an kuma yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Wata shida bayan haka, ranar 30 ga Nuwamba, jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aka fito da gawa 29, galibinsu ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau. Nan ma lodi aka ambata. Saboda haka duk wanda zai sayi tsohon jirgi, ya fara da jikin jirgin, inji ya biyo baya.

Jirgin katako ruwa ne ke riƙe shi. Muddin yana cikin ruwa allunan a kumbure suke, sun matse juna, haɗin ya toshe. Da an ja shi tudu ya kwana biyu, musamman ya sha hunturu ya shiga bazara, sai allunan su tsuke, haɗi ya buɗe, abin da aka cusa aka liƙe da kwalta ya bushe ya zube. Wannan kaɗai ba abin tsoro ba ne, kafinta na iya sake toshewa. Ɓarnar tana wurin da ruwan sama ya kwanta a cikin jirgin damina bayan damina, da wurin da cikinsa ya zauna a kan ƙasa gara ta samu hanya. Itacen kirki irin su maɗaci da kawo da loko suna jurewa, amma ba kowane jirgi aka yi da su ba, kuma fenti sabo yana rufe komai. In ka ga tsohon jirgi da sabon fenti, ka ƙara buɗe ido.

A sa a kifa shi, ko a ɗaga shi a ga ƙasansa. A ɗauki sukundireba a riƙa dannawa allo-allo, musamman gindin haƙarƙarin jirgin da wurin da ƙusoshi suka shiga. Katako mai lafiya yana turjewa, ruɓaɓɓe kuwa ƙarfen zai nutse kamar ba komai. A ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma a saurara, domin ƙarar mai rami daban take. Jan tsatsa da ya zubo daga kan ƙusa yana nufin tsatsa ta fara cin ƙusar a ciki. Wurin da ya fi kowane muhimmanci shi ne allon baya inda ake rataya inji, domin shi ke ɗauke da nauyin injin da girgizarsa da turawarsa gaba ɗaya. A kama shi a jijjiga da ƙarfi. In ya motsa ko ya yi ƙara, aikin ya wuce faci. Jirgin faiba ma, wanda ake cewa ba ya ruɓa, sau da yawa katako ne a cikin allon bayansa, ruwa na shiga ta ramin noti ya cinye shi, waje kuma yana ƙyalli. Wannan dubawar aikin kafintan jirgi ne, wanda kai ka nemo ka biya, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba.

Sai inji. Galibin abin da ke aiki a ruwayenmu injin ratayawa ne irin Yamaha Enduro, mai ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40 har zuwa 75, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, da yawansu kashi 50 na fetur ga kashi 1 na mai. Inji ne mai sauƙin sha'ani, shi ya sa gyaransa yake da sauƙin ƙiyastawa in an san abin da za a duba. Cututtukan zama iri biyu ne, kuma tsakaninsu akwai tazarar kuɗi mai yawa.

Na farko masu arha ne. Fetur da ya daɗe a ciki yakan bushe ya bar danƙo ya toshe kafireta, fulogi ya yi datti, tiyon mai ya tsage. Akwai kuma wata 'yar roba mai fukafukai a ƙafar injin wadda ke jawo ruwa ta sanyaya shi. In inji ya daɗe a ajiye takan ƙandare ta karye, don haka a ɗauka dole ne a sauya ta ko da ta yi kama da mai lafiya. Alamar tana aiki ita ce ɗan siririn ruwan da ke tsartuwa ta bayan injin in yana tafiya. Kada ka yarda a tayar maka da shi a tudu don a burge ka da ƙara. Ba ruwa, robar nan ƙonewa take yi nan take. A sa ƙafar a cikin duro mai ruwa, ko a kai shi kogi.

Na biyu su ne masu cin dukiya. A cire fulogi a ja igiyar tayarwa a hankali. In ta ƙi motsi sam, injin ya kame, wataƙila fistin ya manne ko tsatsa ta kama karanshaf, abin da ke faruwa ga injin da ya taɓa nutsewa ba a wanke shi nan da nan ba. In ta juya, bakanike ya sa ma'aunin matsi a kowace silinda. Abin nema shi ne su zo kusan daidai, in bambancin ya haura kashi 10 cikin ɗari akwai magana a zobe ko a jikin silindar. Sannan a kwance notin ƙasa na giya a ga man da zai fito. In ya fito fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. In da ɓurɓushin ƙarfe, haƙoran giya sun fara cin juna. A juya farfela da hannu a ga ko sandarta ta lanƙwashe, abin da ba baƙo ba ne a tafkin Kainji, inda tun da aka kammala madatsar a 1968 ruwa ya rufe dazuzzuka ya bar kututture a ƙarƙashi.

A nan zan ce wani abu da bakaniken unguwa ba zai so ji ba. Ƙwarewa a babur da janareta ba ta isa ta sa mutum ya yanke hukunci kan injin ruwa. Sama kusan ɗaya suke, ƙafar ce daban, kuma a ƙafar kuɗin yake. A nemi wanda ke zaune a bakin tashar jirgi yana wannan aikin kullum. Shi ne kuma zai gaya maka ko kayan gyaran wannan samfurin suna samuwa kusa, ko sai an aika Legas ko Onitsha. Tun da aka saki Naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo, duk wani abin da ake shigowa da shi ya bi ta. Kuɗin gyaran da mai jirgi ya ji shekara uku da suka wuce, wanda yake maimaita maka yau, tarihi ne.

Akwai tambayar da ba sukundireba ke amsa ta ba: me ya sa aka ajiye shi? Jirgi mai kawo kuɗi ba a barin sa a tudu saboda kafireta. Wani lokaci mai shi ya rasu ne magada ba su daidaita ba, to ka tabbata duk masu haƙƙi sun yarda, kada ka gyara kayan marayu a zo a karɓe. Wani lokaci hanyar ce ta mutu. An yi gada, ko kasuwar ta tashi, ko tsaro ya kori mutane, kamar yadda ya faru da masunta da 'yan kifin Baga bayan harin Janairun 2015, da kuma ƙauyuka da dama na yankin Shiroro. Wani lokaci lissafi ne ya daina fita. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur da ke ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta taɓa 1,000, kuma tsohon inji mai gaurayen mai mashayi ne. In dalilin ajiyewar yana nan bai gushe ba, ka gyara jirgin tsaf ma zai koma inda ka same shi. Wanda ya san gaskiyar wannan ba dillali ba ne. Sarkin ruwa ne da shugabannin 'yan jirgi na wannan tashar, kuma gaisuwa da ɗan goro sun isa su buɗe maka baki. Su ne kuma za su san ko injin na mai sayarwa ne, domin ana satar injin ratayawa sosai. Lambar da ke jikinsa in an kankare ta, ka tashi ka bar wurin.

Yanzu lissafi. Kuɗin jirgi ba abin da ka miƙa wa mai shi ba ne, abin da ka kashe ne har ranar da ya ɗauki kaya lafiya. A haɗa kuɗin saye da la'ada, da aikin kafinta, da kayan inji da ladan bakanike, da rajista, da rigar ruwa ga kowane fasinja kamar yadda NIWA ta wajabta, da kuɗin motarka daga Zariya zuwa can ba sau ɗaya ba. A ra'ayina, duk abin da masu gyara suka faɗa a ƙara rabinsa a kai, domin sai an buɗe ake ganin sauran. In jimillar ta doshi kuɗin sabon jiki daga hannun kafinta haɗe da inji na hannu mai tafiya, babu arha a cinikin.

Abin da ya sa nake matsawa kan wannan lissafi ba tausayin aljihun Alhaji ne kaɗai ba. Mutumin da gyara ya ci masa fiye da yadda ya zata, yana Tudun Wada jirginsa yana Yawuri, abu ɗaya zai yi: ya ɗora wa direba balas mai nauyi don ya fanshe. Direba kuma hanyoyinsa biyu ne, ya ƙara mutum a kan mutum ranar kasuwa, ko ya ƙara sawu ɗaya bayan magariba, lokacin da hukuma ta hana tafiya kuma ba a ganin kututture. Facin da aka ce za a yi "in an samu sarari" sai a ɗage shi, a sa yaro ya riƙa kwarfe ruwa da roba. Wani lodin da ake zargin direbobi da shi, a wurin ciniki aka ƙulla shi.

Ba ina cewa kada a sayi tsohon jirgi ba. In kafinta ya ce jiki lafiya, injin yana juyawa, matsinsa daidai, man giya tsaf, to sauran duk ƙananan abubuwa ne, kuma irin wannan cinikin akan dace. In jiki ya ruɓe inji yana da rai, a yi cinikin injin shi kaɗai a bar musu katakon. In jiki lafiya inji ya kame, a saya a kuɗin jiki, a ɗauki injin a matsayin kayan gyara. In duka biyun sun gaza, ko kyauta aka ba ka ɗawainiya ce.

A shari'a wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye na da damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Amma aibin da aka gaya maka ka yarda, ba ka da ta cewa a kansa. Don haka kada a bar maganar a "inji na son taɓawa". A rubuta takarda gaban shaidu, a faɗi abin da aka ce ya lalace ɗaya bayan ɗaya, da lambar inji, da sharaɗin cewa cikon kuɗi sai bayan gwaji. Gwajin kuwa shi ne a sa jirgin a ruwa ya kwana biyu katako ya sha, a loda masa buhunan yashi daidai nauyin da zai riƙa ɗauka, a yi tafiya mai ɗan nisa da shi kusa da gaɓa, kowa da rigar ruwa, sannan a tsaya a duba yawan ruwan da ya taru a cikinsa.