Igiyar da ke riƙe da fata

A Gadarif da ke gabashin Sudan, ƙasar riɗi da dawa, inda Hausawa mahajjata suka yada zango tun kaka da kakanni, har yau ana jinkar ɗakunan ciyawa masu tsini da ake kira guttiya. Duk mai jinka ya san sanduna kaɗai ba sa hana iskar farkon damina ɗauke rufi. Igiyar da aka ɗaure tanka da ita ce ke wannan aikin: iska ta ja, ta miƙe, ba ta tsinke ba.

Ƙwayoyin halittar jikinmu ma suna da tasu igiyar. A cikinsu akwai zaruruwa iri uku: siriri mai kaurin nanomita 7, kakkaura mai 25, da na tsakiya mai kimanin 10. Na tsakiyan nan tufka shi ake yi, sili biyu su nannaɗe juna, a yi ta haɗawa har ya yi ƙwari. Ƙwayoyin gado wajen 70 ne ke ɗauke da umarnin ƙera shi, 54 daga ciki na keratin ne, sinadarin gashi da farce da fata. Na tsoka kuma desmin ake ce masa.

A ƙasan sashen fata na waje, sili guda daga ƙwayar gado mai suna KRT5 yake fitowa, ɗayan daga KRT14, kuma dole sai an haɗa su. A 1991 Elaine Fuchs da abokan aikinta a Jami'ar Chicago ta Amurka suka nuna cewa tangarɗa a KRT14 ce ke haddasa wata cutar gado mai sa fata ta yi bororo. Abin tausayin shi ne, galibi ko daga uwa kaɗai ko uba kaɗai aka gaji tangarɗar, ta wadatar. Ruɓaɓɓen sili ɗaya ya shiga tufka, igiyar duka ta tashi aiki. Gugar takalmi ko majanyin goyo sai ta fasa ƙwayoyin fatar, ruwa ya taru.

Zafi da gumi suna ƙara tsananta ta, ga shi kuwa Gadarif ba ta rasa zafi. Ba sammu ba ce, ba a kuma ɗaukarta ta hanyar taɓawa. Iyaye, in fatar jariri tana bororo daga ɗan guga kawai, a sa masa tufa mai laushi, a bar murza shi wajen wanka, a kai shi wurin likitan fata.