Jirgin Ruwa a Bakin Lungu

Ran Talata da hantsi wata babbar mota ta kawo wa maƙwabcinmu buhunan shinkafa daga tashar jiragen ruwa ta Tema a Ghana. Direban ya taso tun tsakar dare, ya wuce Nkawkaw da Konongo lafiya lau, amma da ya iso bakin lungunmu a Zongo sai ya ja birki. Kwata a dama, kwata a hagu, ga teburin mai koko, ga wayar lantarki ta sauko ƙasa-ƙasa. Wani yaron unguwa, wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba, shi ya koma bayan motar yana bubbuga jikinta da tafin hannu: "Baba direba, karya hagu kaɗan! Zo, zo, zo. Tsaya!" Dattijo da furfurarsa ya bi maganar yaron sau da ƙafa, har mota ta tsaya a ƙofar shago ko bango ba ta goga ba.

Shinkafar nan ta riga ta ga irin wannan shiga tun a bakin teku. Jirgin da ya ɗauko ta ya yi makonni a ruwa ƙarƙashin kyaftin ɗin da ya san aikinsa, amma da ya hango Tema bai kutsa kai ba. Ya tsaya a waje cikin jiragen da ke jiran layi, ya yi magana ta rediyo da ɗakin kula da zirga-zirgar tasha, har aka aiko masa da jagora a ƙaramin jirgi. Mutumin nan yakan hau ne ta tsanin igiya da aka zuro a jikin jirgin, teku na ɗaga shi tana sauke shi, kuma kuskuren taku ɗaya na iya cin ransa. In ya hau, kyaftin na nan a matsayinsa, alhakin jirgi na wuyansa, amma ɗan gari ne ke faɗin inda za a karya da inda za a sassauta. Shi ya san inda yashi ke taruwa, ya san yadda iska ke tura jirgi a bakin katangar duwatsun da ke tare igiyar ruwa.

Mu 'yan Zongo bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Salaga sayen goro suna da madugu, amma suna da jagaba a gaban ayari, kuma in sun sauka sai sun nemi mai masauki wanda ya san gari. Baƙo ko da idonsa makaho ne. Sunan unguwarmu ma daga zangon da fataken nan ke yadawa ya fito.

Abin da ya sa shigar jirgi ta fi ta mota wuya shi ne jirgi ba shi da birki. In an kashe inji yana ci gaba da sulalewa, in kuma ya rage gudu sosai sai ya daina jin linzami. Shi ya sa ƙananan jirage masu ƙarfin tsiya ke rufa masa baya, wani na ja da igiya, wani na turawa da goshi, kamar samarin da ke taruwa a kan motar da ta maƙale a kwata. Hanyar shiga kuma an yi mata alamomi masu yawo a kan ruwa, an ɗaure su da sarƙa a ƙasan teku. A Afirka da Turai mai shigowa yana barin ja a hagunsa, kore a damansa, a Amurka kuwa akasin haka ne, don haka kyaftin ɗin da ya saba da can dole ya tattara hankalinsa. Da hunturu, in hazo ya sauko har gaɓar teku, ido ba ya isa, sai na'urar rada, ga kuma kwale-kwalen masunta da kan gitta kamar yaran da ke bin ƙwallo a lungu.

Kafin a buɗe tashar Takoradi a 1928, jirage a nesa suke tsayawa, a riƙa jidar kaya da mutane cikin kwale-kwale ta tsakiyar igiyar ruwa, kuma ba kowane kaya ke isa tudu a bushe ba. Tema ta zo a 1962, zamanin Nkrumah. Yau hukumar tashoshin jiragen ruwa ta Ghana ce ke riƙe da su biyun, kuma kayan Burkina Faso da Nijar da Mali ma ta nan suke bi, su ratsa Kumasi su yi arewa.

Ba na cewa jagora ba ya kuskure. Akwai jagorori a cikin Ever Given, jirgi mai tsawon mita 400, ranar da ya gicciye a mashigin Suez a Maris 2021 ya toshe hanya kwana 6. Amma a Baltimore ta Amurka, a Maris 2024, da wuta ta ɗauke wa jirgin Dali ya nufi gada, kiran gaggawar da jagororin suka yi ne ya sa 'yan sanda suka tsayar da motoci kafin gadar ta rufta. Ma'aikata 6 da ke gyaran hanya a kanta sun rasu.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne yasa. Tasha ba ta zama da zurfinta haka kawai, yashi da laka na taruwa kullum, sai an riƙa auna zurfin ana kwashewa, kuma ba a yarda kowa ya ajiye komai a hanyar jirgi ba, ko waye shi. Mu kuwa lungun da motar shinkafa ta shiga da ƙyar ya fi haka faɗi ina yaro. Wannan ya ƙara baranda, wancan ya kafa kwantena ya mayar shago, kwata ta cika da yashi da leda har ba a gane bakinta. Na taɓa tsayawa cikin dare ina kallon motar kashe gobara a bakin wani lungu, fitilarta na juyawa, ba ta da ta inda za ta shiga, mata na miƙa wa juna bokiti har gari ya waye. Ba na son in sake ganin haka.

Bayan sallar la'asar na kai maganar gaban liman da shugaban samarin unguwa. Liman ya saurara, ya ce, "Malam, a fara da kwata, maganar baranda sai an zauna da masu gidaje." Mun tsayar da Asabar bayan asuba, kowa ya fito da shebur ɗinsa, kuma yaron nan da ya shigo da motar shi zai riƙe igiyar awo.