Rasuwar Malam Abdu Mumuni, malamin malamai

Ran 7 ga watan Afrilu 1991 Allah ya yi wa Malam Abdu Mumuni rasuwa a Yamai, yana da shekara 61. Labarin ya girgiza almajiransa na Nijar da na waje, don ya koyar a Senegal, Gine da Mali kafin ya komo gida.

A Tasawa aka haife shi a 1929. Ya yi lakkol a Damagaram, ya yi karatu mai zurfi a Faransa, amma ilminsa bai tsaya cikin takarda ba. Daga 1969 ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar binciken amfanin zafin rana. Can aka ƙera abin zafafa ruwa da murhun dahuwa, babu icce babu gawayi, sai rana kaɗai. Duk macen da ta taɓa yini a daji tana neman icce ta san darajar wannan aiki.

Manoma da makiyaya masu karatun yaƙi da jahilci, ku ma rashin ya shafe ku. Tun 1964 ya rubuta littafi bisa ilmi a Afirka, inda ya nuna ya kamata yaro ya fara karatu da harshen da ya sha a nono. Lokacin nan manya da yawa suna ganin in ba Faransanci ba, babu karatu.

Ya riƙe jami'ar Yamai daga 1979. A 1992 aka raɗa mata sunansa. Allah ya jiƙan shi.