BABI NA UKU: Ɗumama da Sanyaya Cikin Mota Mai Aiki da Lantarki da Yawan Wutar da Suke Ci a Yanayin Ƙasar Zuru

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin sassan mota mai aiki da lantarki da yadda batirinta yake tara wuta. Wannan babi kuwa zai dubi wani ɓangare ne da ba a cika sa shi cikin lissafi ba idan ana tallar irin waɗannan motoci, wato wutar da ake kashewa wajen sanyaya wurin zaman fasinja ko ɗumama shi. Za a auna bayanin da yanayin garin Zuru da ke kudu maso gabashin Jihar Kebbi, domin gari ne da direba kan yi doguwar tafiya kafin ya kai manyan birane irin su Birnin Kebbi ko Sakkwato ko Kontagora. A irin wannan wuri, sanin inda kowane yunit na wuta yake tafiya shi ne zai raba direba da kwana a hanya.

Maganar ba ta yi nisa da yankin ba kamar yadda wasu za su zata. A shekarar 2020 kamfanin Stallion ya fito da motar Hyundai Kona mai aiki da lantarki wadda aka harhaɗa a Legas. A shekarar 2021 kuma Hukumar Ƙira da Bunƙasa Motoci ta Ƙasa, a ƙarƙashin shugabancin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar cajin mota mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tambaya a kan waɗannan motoci ta ƙara yawa a bakin masu sufuri.

3.1 Bambancin Motar Fetur da ta Lantarki Wajen Samar da Ɗumi

Injin fetur mai ɓarna ne ƙwarai. Daga cikin ƙarfin da ke cikin man da yake ƙonawa, abin da yake juya tayoyi bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba, saura kuwa zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Wannan ɓarna ce ta zama alheri ga fasinja a lokacin sanyi, domin hitar motar fetur ba wani abu ba ce illa ƙaramin lagireto da ruwan injin mai zafi yake bi ta cikinsa, fanka tana hura iskar zuwa ciki. Ke nan direban da ya kunna hita da asubahin hunturu bai ƙara wa kansa kuɗin mai na a-zo-a-gani ba.

Injin lantarki kuwa yakan mayar da kusan kashi tara cikin goma na wutar da ya karɓa zuwa tafiya. Ɗan zafin da yake fitarwa bai isa ya ɗumama cikin mota ba. Saboda haka dole a samar da ɗumin daga batir, wato daga rumbun da motar take dogara da shi wajen tafiya. Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce hita mai aiki irin na dutsen guga, wadda wuta take ratsa wani abu ya yi zafi. Tana da sauƙin ƙira, amma yunit ɗaya na wuta yunit ɗaya na zafi kawai yake bayarwa, kuma a tsananin sanyi takan ja kilowat biyar ko fiye. Ta biyu ita ce na'urar da za a iya kira famfon zafi, wadda take ɗebo zafi daga iskar waje ta shigo da shi ciki. Da yake kwaso zafin take yi daga inda yake, yunit ɗaya na wuta kan kawo yunit biyu zuwa uku na ɗumi, matuƙar sanyin bai yi tsanani ainun ba. Kamfanin Tesla ya fara sa ta a motarsa Model Y a shekarar 2020, bayan wasu kamfanoni irin su Nissan sun riga shi.

Ga mazaunin Zuru wannan ɓangare bai da nauyi sosai. Sanyin watan Disamba da Janairu na asuba ne, kafin hantsi ya dushe, kuma bai kai wanda ake fama da shi a Kanada ko Norwe ba. An kawo bayanin ne domin na'urar da ke sanyaya mota ita ce dai famfon zafin, an juya masa alƙibla.

3.2 Yadda Ake Sanyaya Cikin Mota

Duk wanda ya san randa ya san tushen wannan aiki. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yana bushewa ne ta hanyar kwasar zafi daga ruwan da ke ciki, shi ya sa ruwan randa yake sanyi. Na'urar sanyaya mota, wadda direbobi suke kira esi, da wannan dabara take aiki, sai dai maimakon ruwa tana amfani da wani sinadari da makanikai suke kira gas. Sinadarin yana zama tururi a cikin wasu siraran bututu da ke bayan dashbod, ya kwashe zafin iskar da ke cikin mota. Daga nan kwamfuresa ta matse shi ta tura shi zuwa kwandensa da ke gaban mota, inda yake sakin zafin ga iskar waje ya koma ruwa-ruwa, ya sake zagayowa.

A motar fetur, inji ne yake juya kwamfuresa ta hanyar fambel. A motar lantarki kuwa kwamfuresa tana da nata ƙaramin injin da yake shan wuta kai tsaye daga babban batir. Wannan yana da fa'ida, domin ana iya samun sanyi mota tana tsaye ba ƙara ba hayaƙi. Yana kuma da haɗari, saboda direba ba ya jin wani sauti da zai tuna masa cewa ana ɗiban guzurinsa.

Zafin da esi yake kokawa da shi daga wurare uku yake zuwa. Babbansu shi ne hasken rana, wanda da tsakar rana yake sauke kusan kilowat ɗaya a kan kowace murabba'in mita, kuma gilashin mota yana barin sa ya shiga ya hana shi fita. Sai iskar waje, wadda a watan Maris da Afrilu takan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas a sassan Jihar Kebbi. Na uku jikin fasinjoji ne, domin kowane mutum a zaune yana fitar da zafi kimanin wat 100. Motar haya mai ɗauke da mutum shida ta fi motar gida mai mutum ɗaya buƙatar sanyi, ko da hanya ɗaya suka bi.

3.3 Lissafin Wutar da Esi Yake Ci

A shekarar 2019 ƙungiyar masu motoci ta Amurka mai suna AAA ta gwada motocin lantarki biyar. Ta gano cewa a sanyin da ya kai digiri 7 ƙasa da sifiri, idan an kunna hita, nisan da mota za ta iya yi yana raguwa da kashi 41 cikin ɗari. A zafin digiri 35 kuma, idan an kunna esi, yana raguwa da kashi 17 cikin ɗari. Wannan ne ya sa mafi yawan rubuce-rubucen Turai da Amurka suka fi mai da hankali kan sanyi. Sai dai digiri 35 da su suka ɗauka a matsayin tsananin zafi, a bazarar Zuru rana ce mai sauƙi.

Abu mafi muhimmanci da ya kamata a fahimta a nan shi ne, tafiya da kilomita take cin wuta, esi kuwa da awa yake ci. Bari a kawo misali na lissafi. Yunit ɗaya a nan daidai yake da yunit ɗin mitar gida, wato kilowat ɗaya na tsawon awa guda. A ɗauka mota tana da batir mai yunit 64, kamar wani nau'i na Kona, tana kuma cin yunit 15 a kowace kilomita 100. Ba tare da esi ba za ta yi kimanin kilomita 425. A ɗauka kuma esinta yana jan kilowat ɗaya da rabi da zarar cikin mota ya huce.

Idan hanya mai kyau ce ana gudun kilomita 80 a awa, kilomita 100 za ta ɗauki awa ɗaya da kwata, esi ya ci ƙasa da yunit biyu. Nisan da batir zai kai ya dawo kusan kilomita 380. Idan kuwa hanya ce mai ramuka da shingayen bincike, wadda da ƙyar ake yin kilomita 30 a awa, wannan tazara za ta ɗauki awa uku da minti ashirin, esi ya ci yunit biyar. Idan aka bar cin tafiyar a yunit 15 domin sauƙin lissafi, nisan ya sauko zuwa kilomita 320. Mota ɗaya ce, zafi ɗaya, amma lalacewar hanya ta cinye kilomita sittin. Ga direban da ya taso daga Zuru ya nufi Koko ta Mahuta da niyyar komawa gida a cajin da ya fito da shi, sittin ɗin nan ba abin wasa ba ce.

Haka kuma al'adar lodi a tasha tana da nata tasiri. Motar haya ba ta tashi sai ta cika. Idan direba ya bar esi a kunne awa biyu yana jiran fasinja, ya kashe yunit uku, daidai da tafiyar kilomita 20, alhali taya ba ta juya ba.

3.4 Batir Ma Yana Buƙatar Sanyi

Ba fasinja kaɗai zafi yake damu ba. Batirin litiyam ya fi son yanayin da jikin ɗan Adam yake so, tsakanin digiri 20 zuwa 30 ko kusa da haka, kuma dawwama cikin zafi yana saurin tsufar da shi. A shekarar 2012 masu motar Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka, mai zafi irin namu, sun koka da saurin raguwar ƙarfin batiransu, waɗanda ba su da tsarin sanyaya da ruwa. Yawancin motocin da aka ƙera daga baya suna zagaya ruwan sanyi a jikin batir, kuma kwamfuresar esi ce take sanyaya ruwan. Ma'ana, a rana mai zafi kwamfuresa na iya tashi da kanta, musamman lokacin caji mai sauri, ko da direba ya kashe esi. A ganin wannan nazari, mai niyyar sayen tsohuwar motar lantarki 'yar Kwatano domin aiki a ƙasar Zuru ya fi kamata ya fara tambayar yadda batirinta yake samun sanyi kafin ya tambayi launi ko shekarar ƙira.

3.5 Hanyoyin Rage Cin Wuta

Lokacin da esi ya fi jan wuta shi ne mintunan farko, sa'adda ake ƙoƙarin sauke zafin motar da ta wuni a rana. Saboda haka inuwar bishiya ko rumfa ta fi kowace dabara arha. Idan babu inuwa, a rufe gilashin gaba da mayafi mai sheƙi, a kuma buɗe tagogi na ɗan lokaci kafin a kunna esi domin iska mai zafi ta fita. Motoci da yawa suna ba da damar sanyaya ciki tun suna jone da caji, ta yadda wutar farko za ta fito daga layi ko farantan hasken rana, batir ya tashi a cike. Bayan an tashi, danna maɓallin da ke sa iskar ciki ta riƙa zagayawa yana rage aiki, tun da sanyaya iskar da ta riga ta huce ya fi sauƙi a kan jawo sabuwa mai digiri 40.

Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da fuskar kwandensa, wanda kan sa kwamfuresa ta daɗe tana aiki kafin a ji sanyi, don haka tsabtace su kafin shigowar bazara wajibi ne. Da damina kuma, wadda take da ƙarfi a ƙasar Zuru fiye da arewacin jihar, gilashi kan yi raɓa daga ciki, kuma esi ne yake busar da iskar direba ya ga hanya. A irin wannan hali ba a kashe shi don tsimin wuta. Wajen gyara kuwa, kwamfuresar motar lantarki tana aiki da wuta mai ƙarfin bolt ɗari uku zuwa ɗari huɗu, kuma man da ake zuba mata na musamman ne wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. Makanikin da ya zuba mata man esin motar fetur zai iya lalata ta, ya kuma jefa mai taɓa motar cikin haɗarin jan wuta.