Wata na bakwai: abin da ke gudana cikin mahaifa da abin da ya hau kan maigida

Ƴan'uwa, sau da yawa idan ciki ya kai wata bakwai sai gida ya saki jiki, a ce ai laulayi ya wuce, saura haihuwa. To, a nan ne ma ake buƙatar ƙarin lura.

A mako na 28 nauyin ɗan tayi yana kai wajen kilo 1. Kafin mako na 32 ya kusa kilo 2. Yana buɗe ido, yana jin murya, ƙwaƙwalwarsa na girma da sauri, kitse na taruwa ƙarƙashin fatarsa. Amma huhunsa bai gama nuna ba, shi ya sa bakwaini ke shan wahalar numfashi. Duk wannan ginin daga jinin uwa ake ɗibar kayansa. Idan jininta ya yi ƙaranci, su biyun ne za su jigata.

Saboda haka kada a rage mata abinci wai don kada ɗa ya yi girma. Ta ci wake, ƙwai, kifi, nama da zogale gwargwadon hali. Ta riƙa shan ƙwayar ƙarin jini kullum, amma kada ta haɗa ta da shayi, don shayi na hana jiki tsotse ta sosai. Ta kwana cikin gidan sauro, ta kwanta kan gefenta, ba rigingine ba. Idan azumi ya zo tana tsoron cutuwarta ko ta cikin, shari'a ta yi mata sassauci ta sha.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a je awon ciki aƙalla sau 8, ciki har da mako na 30 da na 34. A can ne ungozoma ke auna hawan jini, ta duba girman ciki, ta saurari bugun zuciyar ɗa, ta ba da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Hawan jini kuwa yakan ɓuya, mace na yawonta ba ta sani ba, sai jijjiga ta kayar da ita.

A tafi likita nan take, ko da tsakar dare ne, idan aka ga:
- zubar jini ko fashewar ruwa
- ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi
- kumburin fuska da hannuwa
- zazzaɓi
- motsin ɗa ya ragu ko ya tsaya

Maigida, ga naka aikin. Tun yanzu ka ajiye ɗan kuɗi, ka san mai motar da za ka kira da dare, ka san wanda zai iya ba da jini. Kuma ka faɗa mata a gaban mutanen gida cewa idan ta ga ɗaya daga alamun nan ta tafi, ko kana nan ko ba ka nan. Kada jiran izininka ya zama sanadin asarar rai.

Allah ya sauki matanmu lafiya. Wassalam.