Kafin ruwa ya cinye hotunan kakanninmu: abin da ɗakin zane na Maamobi ya shirya bayan Sallah

Daga Asabar ta biyu bayan Babbar Sallah har zuwa watan Agusta, ƙaramar ƙungiyar masu zane da ke Maamobi, wadda 'yan unguwa ba su san ta da wani suna ba sai "ɗakin zane", za ta buɗe ƙofarta ga kowa da kowa. Nuni uku aka shirya, da zaman ataya na dare, da yinin mata, sai fita ɗaya zuwa Chale Wote. Shiga kyauta ne. Ni ma ɗan ƙungiyar ne, gara in faɗa tun yanzu kada wani ya ce Tica ya zo yana tallan hajarsa a ɓoye. Tallan nake yi, a fili kuwa.

Ɗakin ba wani babba ba ne. Shago ɗaya ne da ɗan fili a bayansa, tsakanin mai walda da mai sayar da koko da ƙosai. Teburi biyu ne a ciki, sai bencina da muke arowa daga makarantar allo mu mayar kafin la'asar. Masu zuwa yawanci 'yan JHS ne da waɗanda suka gama sakandare suna zaman jiran aiki, da teloli biyu, da wani dattijo mai rubuta allon shaguna wanda ya fi mu duka iya riƙe buroshi.

Nuni na farko na tsofaffin hotuna ne, kuma a wurina shi ne ya fi sauran nauyi. Tun kafin azumi yara suke bi gida-gida a Maamobi da Nima da Newtown, wasu har Sabon Zongo, suna roƙon aron hotunan da ke kwance cikin adaka da ƙarƙashin katifa. Abin da suka kwaso ya cika kwali biyu. Akwai alhazai tsaye a filin jirgi kowa riƙe da butarsa. Akwai mahauta a gaban rumfa, da amarya da ƙawayenta sun sha ɗaurin kai iri ɗaya, da 'yan ƙwallo ba takalmi. Akwai wani soja na zamanin Turawa da jar dara a kansa, ya ƙame kamar an dasa shi, jikarsa ce ta kawo. Da yawa babu suna, babu shekara a bayansu. Saboda haka muka bar fili a ƙarƙashin kowane hoto, da fensir a rataye, wanda ya gane wani ya rubuta.

Wani zai ce to, hoton kakan wani me ya shafe ni? Bari in faɗi abin da ya shafe mu. Ƙidayar 2021 ta ce Musulmi kashi 19.9 cikin ɗari ne na mutanen Ghana, wato kusan mutum ɗaya cikin biyar. Amma ɗan zongo, musamman mai suna irin namu, har gobe yana shan tambayar nan a wurin yin katin ɗan ƙasa ko fasfo: "To amma asali daga ina kake?" Alhali kuwa fatake suna sauke goro da shanu a Salaga tun ba a zana iyakar ƙasar nan ba. Yaƙin basasar Salaga na 1892 shi ya watsa su zuwa Kete Krachi da Kumasi da bakin teku. Cikin waɗanda suka bar Salaga har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Kete Krachi yana koyarwa yana rubutu da Larabci da ajami har ya rasu a 1934, kuma ana ajiye da rubuce-rubucensa a cibiyar nazarin Afirka ta jami'ar Legon. Malam Bako ya kafa Sabon Zongo a birnin Accra, wanda kakanninmu ke kira Ankara, tun farkon ƙarnin da ya wuce. Malam Amadu Futa ya sauka Nima a farkon shekarun 1930. Duk da haka a watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa, aka cika motoci da mutanen zongo, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Tsofaffinmu ba su cika son maganar nan ba. Amma idan ka ajiye hoto a gabansu, sai su fara nunawa da yatsa: wannan ya tafi bai dawo ba, wannan ya dawo bayan shekara uku ya tarar an sayar da ɗakinsa. Hoto ba takardar kotu ba ne, na sani. Sai dai yaron da ya ga kakan kakansa a gaban rumfa a Ankara tun kafin 1957, idan aka yi masa waccan tambayar ba zai sunkuyar da kai ba.

Ga kuma ruwa. Duk wanda ke kusa da babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi ya san yadda Yuni take yi mana. Daren 3 ga Yuni 2015, da ruwa da wuta suka haɗu a Circle suka ci rai fiye da 150, gidaje da yawa a birnin nan sun cika da ruwa, kuma wanda ke ƙoƙarin fitar da 'ya'yansa ba ya tuna adakar hotuna. Wasu daga cikin waɗanda aka kawo mana sun manne da juna, fuskokin sun narke, sai hula da takalmi suka rage. Hotunan da James Barnor ya ɗauka a Jamestown a shekarun 1950 sun zaga duniya, an rataye su a manyan zauruka na Landan. Namu na wannan zamanin suna nan kyankyasai na kiwo a kansu. Wata hajiya da ta miƙo mana hoton mijinta, sai da ta riƙe gefensa ba ta saki ba, ta ce wa yaron: "Ɗana, kai dai ka maido min da shi. Shi kaɗai ya rage min na babanku." Don haka ba ma rataye na asali. Ana ɗaukar kwafi, a buga, a mayar wa mai abu abinsa.

Nuni na biyu na allo ne da zayyana, wato adon da ake yi wa allon wanda ya sauke Alƙur'ani. A makarantu da yawa yanzu takardar shaida ake bugawa a kwamfuta, shi ke nan, zayyana ta zama sai gidan tsofaffi. Mun samu alluna na aro daga gidajen malamai, kuma wani alaramma ya yarda zai zauna ranar buɗewa ya nuna wa yara yadda ake fere alƙalami da yadda ake dama tawada da gawayi da ƙaro. Dokar wannan nuni daban take: takalmi a waje, allunan a sama ba a ƙasa ba, mai son taɓawa ya zo da alwala, kuma ba na sayarwa ba ne ko nawa aka taya.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da iyaye suka fi yi min a bakin makaranta: "Tica, shi wannan zanen ba haramun ba ne?" Ni ba mufti ba ne, malamin aji ne. Abin da muka karanta a gaban malamanmu na mazhabar Malikiyya shi ne, haramcin ya fi ƙarfi a kan sassaƙa siffar abu mai rai cikakkiya, mai inuwa, kamar gunki. Zanen da ke kwance a takarda ko bango hukuncinsa ya fi sauƙi. Akwai malaman da suka tsananta fiye da haka, kuma suna da hujjojinsu. Shi ya sa ƙungiyar ta ɗaure kanta da kanta: ba ma sassaƙa mutum ko dabba, kuma yaron da mahaifinsa bai yarda ya zana fuska ba, ga rubutu, ga zayyana, ga zanen gini da tufa, aiki ba ya ƙarewa. Duk wanda ya taɓa ɗaga kai cikin masallacin ƙasa na Kanda, da aka buɗe a 2021, ya ga abin da hannu ke iya yi ba tare da ya zana ko ƙuda ba. Zaman ataya na daren Juma'a ta farko a kan wannan mas'ala zai kasance. Mun gayyaci malamai biyu, ɗaya daga ɓangaren Tijjaniyya, ɗaya daga Ahlus Sunna. Ba muƙabala ba ce, mun faɗa musu, kuma mai zuwa don a kayar da wani gara ya sha shayinsa a gida.

Sauran dararen ataya sun fi sauƙi. Dare ɗaya na tatsuniya da kacici-kacici ne, tsofaffi mata ne za su ja gaba, saboda yaranmu da yawa Hausarsu ta tsaya a gaisuwa da cinikin kasuwa. Dare ɗaya kuma telolinmu da masu ɗinkin hannu za su baje manyan riguna su yi bayanin aska biyu da aska takwas, da huluna, da batakari na arewa. Wannan shi ne nuni na uku, kuma shi kaɗai ne za a yi ciniki a cikinsa.

Yinin mata ranar Lahadi ne, daga hantsi zuwa la'asar, kuma namiji ko ni ba zan leƙa ba. Masu lalle ne za su zana a takarda abin da suka saba zanawa a hannun amare, a rataye da sunan kowacce idan ta yarda. 'Yan matan ƙungiyar ne suka kawo shawarar, kuma hujjarsu ta kashe bakin kowa: yarinyar da ke zana fure mai ganye talatin a tafin hannu ba tare da ta goge ko sau ɗaya ba, me ya sa a aji take cewa ita ba ta iya zane ba?

Maganar aji kuwa ba ta wasa ba ce yanzu. Tun 2024 darasin zane da ƙira ya shiga jarrabawar BECE a ƙarƙashin sabuwar manhaja, kamar yadda Larabci ya shiga ga makarantun Islamiyya. Ma'ana makin yaro a zane yana iya shiga lissafin sakandaren da za a tura shi. A kwalejin horon malamai an koya mana cewa wannan darasi da hannu ake yinsa, amma a aji mai yara fiye da kujeru, ba fenti, ba takarda mai kauri, sai ka ga malami yana rubuta ma'anar launi a allo yara suna kwafa. Yaran da ke zuwa ɗakin zane ranar Asabar su ne kawai na ga sun taɓa haɗa shuɗi da rawaya da hannunsu suka ga kore ya fito. Uban da ke ganin zane ɓata lokaci ne, ya duba takardar sakamakon ɗansa tukuna.

Idan kuma maganar abinci ce, ba sai mun je nesa neman misali ba. Moh Awudu ɗan Nima ne, bangon unguwa ya fara yi wa fenti, yau ana kiransa ƙasashen waje. Matasan Nima Muhinmanchi Art sun riga mu wannan hanya da shekaru, su suka fara nuna wa mutane cewa bangon zongo ba na fosta da fitsari kaɗai ba ne. Ibrahim Mahama na Tamale, wanda ya yi karatu a KNUST, da tsofaffin buhunan koko da gawayi ya yi suna, ya lulluɓe gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da su a 2016, sannan ya koma gida ya buɗe cibiyar zane a Tamale a 2019, har ya sayo tsofaffin jiragen sama ya mayar da su azuzuwan yara. Ba na cewa kowane yaro zai zama Mahama. Amma mai ɗinkin riga, da mai rubuta allon shago, da mai tsara katin biki a kwamfuta, duk da ido da hannu suke ci.

Fitar ta Chale Wote ce, bikin zanen titi da aka fara a Jamestown a 2011, wanda ake yi a watan Agusta. A nan ne muka fi yin gardama a ƙungiya. Wurin akwai cunkoso, akwai kiɗa, akwai shigar da ba za ka so ɗiyarka ta gani ba, kuma lokacin Homowo ne na mutanen Ga, da al'adunsu da ba namu ba. Ni ina cikin waɗanda suka ce a je, amma da safe, da manya a tare, a kalli zanen bango a dawo kafin azahar. Haka aka tsayar. Yaron da bai kawo izinin iyaye a rubuce ba, ba zai hau trotro ba.

Saura abin da ba a so a faɗa. Kuɗin hayar ɗakin zai ƙare a ƙarshen Satumba. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da wata shida gaba, amma kowa ya san a Accra shekara biyu ake nema, kuma akwai mai sayar da waya da ya riga ya nuna sha'awar shagon da kuɗinsa a hannu. Mai gidan ya yi mana haƙuri iya nasa, shi ma yana da iyali. Abin da muka dogara da shi shi ne kason da teloli suka yi alkawari daga cinikin riguna da huluna, da ɗan akwatin da za a ajiye a bakin ƙofa. Idan bai kai ba, teburan za su koma gidajen masu su, kwafin hotunan kuma su koma cikin kwali a ƙarƙashin gadon wani, a unguwar da ruwa ke shiga ɗaki.

Har yanzu ana karɓar hotuna. Mai kawowa ya zo ranar Asabar tsakanin ƙarfe goma da azahar, za a ɗauki kwafi a gabansa ya koma da abinsa a hannu. In hotunan sun manne, don Allah kada a ɓanɓare su, kada a shanya a rana, a kawo su yadda suke. In kuma akwai tsoho ko tsohuwa a gida da ya san mutanen da ke ciki, a taho da shi, akwai kujera da shayi.