Rubutun da ba ya karantuwa ba lallai ne a kulle yake ba

Duk wanda ya taɓa leƙa rumbun bayanai na kwamfuta, irin wanda asibitoci da bankuna ke ajiye bayanan mutane a ciki, zai ci karo da gurabun da ke cike da haruffa marasa kan gado. Mutane da yawa, har da wasu masu kula da rumbun, da zarar sun ga haka sai hankalinsu ya kwanta, wai an kulle. Wannan zato yana da hatsari, domin abubuwa daban-daban ne ke haifar da irin wannan rubutu, kuma ba kowanne ke ba da kariya ba.

Wani lokaci kuskure ne tsagwaronsa: idan aka adana Hausa da tsarin UTF-8 aka kuma buɗe ta da tsohon tsarin Windows-1252, harafin ƙ sai ya rikiɗe ya zama Æ™. Wani lokaci kuma kama kawai aka sauya wa rubutun don ya zauna lafiya a gurbinsa. Tsarin Base64 yana mayar da kalmar Kano zuwa S2Fubw==, kuma alamar = ɗin nan ta ƙarshe ita ce ke yawan tona shi. Babu wani mabuɗi a nan, kowa na iya dawo da asalin kalmar nan take. Wanda ya ajiye lambar asusun mutane ta wannan hanya bai ɓoye komai ba.

Kalmar sirri kuwa niƙa ta ya kamata a yi da lissafi, yadda ba za ta dawo ba, kamar yadda garin gero ba ya komawa tsaba. Daga tsawon sakamakon ake gane injin: MD5 haruffa 32 yake fitarwa, SHA-1 kuma 40, bcrypt 60 masu farawa da $2. Sai dai ɓarawo na iya niƙa miliyoyin kalmomin da ya zata, ya gwada su da abin da ya sato. Haka ta faru da shafin LinkedIn a 2012, inda aka watsa kalmomin sirri kusan miliyan 6.5 da aka niƙa da SHA-1 ba tare da gishiri ba, wato ƴan haruffan da ake ƙara wa kalmar kowane mutum don sakamakonsa ya bambanta da na kowa. Cikin ƴan kwanaki aka warware kaso mai yawa.

Wani zai ce to ai in da mabuɗi na gaske aka kulle, magana ta ƙare. Abin da ya sami kamfanin Adobe a 2013 ya ishe shi amsa. An sace bayanan asusu kusan miliyan 153, kalmomin sirrin kuma a kulle suke da 3DES. Amma yadda aka yi kullin, duk masu kalma iri ɗaya sakamako iri ɗaya suka samu, ga kuma gurbin tunatarwa a gefe a buɗe, inda mutane suka rubuta abin da zai tuna musu kalmar. Masu bincike ba su buƙaci mabuɗin ba. Sun tara tunatarwar masu sakamako ɗaya, suka gano cewa mutum kusan miliyan biyu 123456 suka zaɓa. Kullin bai karye ba, gurbin da ke maƙwabtaka da shi ne ya tona asirin.

Akwai kuma masu ganin fayyace waɗannan alamomi koyar da sata ne. Ɓarayin sun daɗe da sanin su. Mai ajiya da mai bayanan ne ke cikin duhu. Saboda haka duk wanda ke riƙe da rumbun bayanan jama'a ya tambayi masu yi masa aikin: da wane tsari aka kulle kowane gurbi, kuma ina mabuɗin yake? In amsar ita ce mabuɗin na cikin rumbun da kansa, a sake aikin.